Kwarjinin Murtala da Korar Ma'aikata

Cikin shugabannin da na ga zamaninsu, babu wanda ya kama ƙafar Janar Murtala Muhammad wajen kwarjini. Ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, amma cikin 'yan watannin nan ma'aikacin da ya saba isa ofis da hantsi ya koyi sammako. Ga kuma kaifin basira. Duk wanda ya ji jawabinsa a Addis Ababa kan rikicin Angola ya san mai magana ya san abin da yake yi.

Da shekaru suka tura, sai na lura ayyukansa ba hanya ɗaya suka bi ba. Batun sabon babban birni bai yanke shi kai tsaye ba, ya miƙa wa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, suka zagaya, suka ji bakin jama'a, sannan suka nuna Abuja. Ƙarin jihohi daga 12 zuwa 19 ma sai da kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe ya zauna. Har gobe ana cin moriyar waɗannan.

Korar ma'aikata kuwa, sama da 10,000, a gurguje aka yi ta. Magidanci na zaune cikin iyalinsa zai ji a rediyo an sallame shi nan take, ba tare da an ji ta bakinsa ba. Akwai ɓarayi da malalata a cikinsu, wannan babu musu. Amma akwai bayin Allah da gabar ofis kawai ta ci, kuma har yau raina yana sosuwa idan na tuna su.

Mutum ɗaya ne, basirar ɗaya ce. Ni a ganina bambancin shi ne kwarjini kan ɗaure bakin na kusa. Idan shugaba ya zama kowa na shakkar haɗa ido da shi, jama'a kuma na yi masa tafi, wa zai ce, "Ranka ya daɗe, a dakata a bincika"? Ita kuwa basira, komai kaifinta, da abin da ya iso kunne take aiki.

Waɗanda korar ta tsallake sun ɗauki nasu karatun. Sun ga aikin shekara ashirin na iya tafiya a labaran yamma, sai da yawansu suka fara tanadin ranar sallama tun suna kan kujera, kuma daga aljihun gwamnati.