Haƙƙin Maƙwabci a Bakin Gareji

 

A wannan mako ina so mu duba wani al'amari wanda in an kawo shi a majalisin malamai wataƙila wasu su ce bai kai a buɗe masa littafi ba, alhali kuwa ya raba maƙwabta da yawa, har ya kai wasu gaban alƙali. Wato mutum ya zo ya girke motarsa a bakin garejin maƙwabcinsa, ya kulle ta, ya zuba makulli a aljihu, ya haye bene abinsa, ya bar mai gareji da mota a ciki kamar wanda aka ɗaure wa doki a turken wani.

Matsalar ta zo ne tare da irin zaman da muka koma yi a birane. A gidajenmu na gargajiya kowa da zaurensa da ƙofar gidansa, kuma ba wanda zai zo ya ɗaure jakinsa a bakin zauren wani ba tare da ya yi sallama ba. Amma tun wajen 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji kuma kamfanin harhaɗa motocin Fijo ya soma aiki a Kaduna, mota ta shiga hannun ma'aikaci, aka kuma shiga gina benaye masu sassa huɗu ko shida ko takwas, kowane sashe da garejinsa guda. Magina na wancan lokaci sun yi lissafin mota ɗaya ga kowane magidanci. Yanzu kuwa ga ta maigida, ga ta uwargida, wani lokaci ga ta babban ɗa, filin kuwa yana nan yadda aka auna shi tun farko.

Ni ma a irin wannan gida nake zaune, bene mai hawa uku da sassa shida, garejinmu a jere a ƙasa, tsakar gidan kuwa da ƙyar mota take juyawa. Ƙaddara ta sa nawa garejin shi ne mafi kusa da matakala, saboda haka duk wanda ya dawo a gajiye, ko ya kawo baƙo, ko ya ji ƙyuyar tafiya taku goma, bakin ƙofata yake gani. Wani bawan Allah da ke hawa na sama, mai motoci biyu da gareji ɗaya, ya mai da wurin masaukin motarsa ta biyu. In na tashi fita da safe sai na aika yaro ya hau hawa uku ya buga masa ƙofa, a jira ya gama wanka, a jira ya nemo makulli, sa'an nan ya sauko yana fara'a yana cewa, "Malam, a yi haƙuri, ai minti biyar na yi niyya." Wannan minti biyar kuwa tun bayan sallar isha ta jiya aka fara ƙirga ta.

Na yi watanni ina haƙuri, domin na san matsayin maƙwabci. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa kyautata masa da kyautata wa iyaye da dangi da marayu, ta kuma ambaci na kusa da na nesa, wanda malaman tafsiri suka ce ya haɗa da wanda ba danginka ba, har da wanda ba addininku ɗaya ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (S.A.W.) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a sanya shi cikin magada. Duk wannan almajirin makarantar dare ma ya haddace shi. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne wasiyyar tana kan mutum biyu, wanda aka tare wa ƙofa da wanda ya tare, kuma mun saba karanta ta ga wanda aka cuta kaɗai, mu ce masa ya yi haƙuri, mu kyale mai cutar.

Sai wani dare wajen ƙarfe biyu, ciwon asma ya taso wa ƙaramin ɗana, numfashi yana yi masa wuya. Na sauko da shi a kafaɗa, na tarar da mota a bakin gareji. Aka hau aka buga, iyalinsa suka ce maigidan ya yi tafiya da ɗaya motar tun da yamma, makullin wannan kuwa yana tare da shi. Maigadinmu, wani dattijo, shi ya ruga bakin titi cikin duhu ya yi ta neman abin hawa, har Allah Ya kawo wani mai Keke Napep. Yaron ya sami sauƙi, alhamdu lillahi. Amma zaman da na yi a bakin matakala ina sauraron ƙirjinsa, motata kuwa tana bayan ƙofa taku biyar daga inda nake, ba na fatan wani uba ya yi irinsa.

Da gari ya waye masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce in sace iskar tayoyin nan huɗu. Wani ya ce in kawo makanike ya fasa gilashi a tura ta waje. Wani kuma, wanda ya fi su dabara, ya ce in jira ya shigar da babbar motarsa gareji, ni ma in gicciya tawa in yi tafiyar kwana uku. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wadda malaman fiƙihu suka gina babi babi a kanta, ta hana cutarwa tun farko, ta kuma hana rama cuta da cuta. Wanda ya fasa gilashin motar maƙwabcinsa ya ɓata dukiyar wani, kuma biya ya hau kansa ko da shi aka fara zalunta. Ban da haka, tayar da aka sace wa iska ba ta matsawa daga bakin ƙofa, sai ma ta ƙara zama.

Abin da ya ba ni mamaki da na koma ga littattafai shi ne yadda magabata suka riga suka warware wannan magana tun babu mota a duniya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware wani sashe a cikin Ihya'u inda ya lissafa abubuwan ƙi da ake yi a kan tituna, ya sanya ɗaure dabba a hanya yadda za ta ƙuntata wa masu wucewa a cikinsu, ya ce wajibi ne a hana, sai dai gwargwadon abin da mutum yake bukata ya sauka ko ya hau. Dalilinsa kuwa shi ne hanya ta kowa ce, ba wanda yake da ikon keɓe ta ga kansa fiye da bukata. To, ka cire raƙumi ko alfadari ka sa mota, ka ga an ba mu ma'auni sarai: ka tsaya ka sauke tsohuwa, ka sauke buhun shinkafa, ka ɗauki mara lafiya, kana kusa, makulli yana hannunka. Da zarar ka kashe inji ka hau bene ka tuɓe riga, ka wuce gwargwadon sauka da hawa.

Imamu Malik ya ƙara wani abu mai nauyi a Muwaɗɗa. Ya bambanta tsakanin mutumin da ya sauka daga dabbarsa don wata bukata ya tsayar da ita a hanya, wanda babu tara a kansa, da wanda ya ɗaure ta ko ya yi wani abu a hanyar Musulmi a inda bai halatta gare shi ba, wanda shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ta auku saboda haka. Ba ni ne zan yanke hukuncin abin da zai hau kan mai mota in mara lafiya ya cika a bakin matakala ba, wannan aikin alƙalai ne. Amma duk mai tsoron Allah da ya ji wannan rarrabewa ya kamata gabansa ya faɗi kafin ya zare makulli. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, ta hana mutum ya buɗe ƙofa daura da ƙofar maƙwabcinsa, ko ya haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin mallakarsa ne. In an hana ka abin da ke cikin mallakarka saboda maƙwabci, ina kuma ga toshe masa ƙofar da yake biyan kuɗin hayarta?

Da mutumin ya dawo, na same shi bayan sallar magariba, mu biyu kaɗai, na yi masa bayanin abin da ya faru ba tare da na ɗaga murya ba. Ya yi salati, ya tambayi jikin yaro, sa'an nan ya faɗi maganar da kusan kowane mai tare hanya yake faɗa: "Haba Malam, ai mun zama ɗaya, duk lokacin da kake son fita ka buga mini kawai." Na ce masa, "Alhaji, a nan gizo yake saƙa. Fita daga gidana haƙƙina ne, kai kuwa ka mai da shi roƙo. Sai na nemi izninka kafin in kai ɗana asibiti?" Ya yi shiru. Na lura cewa bai taɓa kallon abin ta wannan fuska ba, domin a ganinsa shi mutum ne mai sauƙin kai wanda ba ya ƙin saukowa in an kira shi.

Ya daina na mako biyu, sa'an nan baƙinsa suka gaje shi. A nan ne na tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya kawo ƙarar maƙwabcinsa, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da haƙuri sau biyu ko uku, daga baya ya ce ya fitar da kayansa ya zuba a kan hanya. Mutane suka riƙa tambayarsa dalili, yana gaya musu, suna tsine wa maƙwabcin, har shi da kansa ya zo ya roƙe shi ya koma gida, ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Dubi yadda aka jera abin. An fara da haƙuri, kuma an maimaita shi. Da bai yi magani ba, ba a ce ya rama ba, ba a kuma ce ya ci gaba da haɗiye baƙin ciki har ya mutu ba, sai aka sa jama'a su sani, kunyar idonsu ta yi aikin da sanda ba za ta yi ba. Na ga wasu suna ɗaukar hoton motar maƙwabci su watsa a WhatsApp da baƙaƙen maganganu, suna cewa da wannan hadisi suke aiki. Ina ganin sun yi nisa, domin sahabin nan abin da ya faru kawai ya faɗa wa wanda ya tambaye shi.

Abin da muka yi shi ne na roƙi dattijon da ya fi mu shekaru a gidan ya tara magidanta shida da wakilin mai gidan haya. Ashe kowa yana da nasa ƙorafin yana ɓoyewa, har da maƙwabcinmu Kirista wanda ake tare wa ƙofa kowace Lahadi da safe yana jin nauyin magana. Aka ja layi da farin fenti a gaban kowane gareji. Aka ce motar baƙo a waje za ta tsaya, maigadi kuma an ba shi ikon faɗin haka ko ga wane ne, tun da a da tsoron masu manyan riguna yake ji. Wanda larura ta sa ya bar mota a tsakar gida da dare, ya bar makulli a hannun maigadi, ya kuma rubuta lambar wayarsa ya ajiye a jikin gilashi. Da abin ya faskara, da sai mu je ga mai unguwa, wanda sulhunta irin wannan aikinsa ne tun kaka da kakanni, amma ba a kai ga haka ba.

Sai dai kada mai gareji ya ji wannan ya ɗauka an ba shi takobi. A babin da Malik ya kawo hana cuta, a nan ya kawo hadisin da ya hana mutum ya ƙi barin maƙwabcinsa ya kafa itace a jikin bangonsa, da kuma labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta masa, tun da abin zai amfane shi kuma ba zai cuce shi ba. Saboda haka mutumin da garejinsa ba kowa a ciki, ko ya yi tafiyar wata guda, amma ya rantse ba mai tsayawa a gabansa, shi ma yana da abin da zai gyara. Haka in an yi rasuwa ko suna a gidan, ai sai a fitar da mota tun da wuri a bar wa masu gaisuwa wuri. Ni da kaina, in zan yi doguwar tafiya, nakan ce wa Alhajin nan ya sa motarsa ta biyu a wurina har in dawo, ya kuwa kiyaye ranar dawowata fiye da yadda nake zato.

Akwai wani nau'i na wannan cuta da ya fi ba ni takaici, domin da sunan ibada ake yin sa. Ranar Juma'a mutum ya makara, ya zo ya gicciya mota a ƙofar gidan mutanen da ke kusa da masallaci, ya ruga don ya sami raka'a, bayan an sallame kuma ya tsaya gaisawa da abokai. A cikin gidan nan wataƙila akwai mai naƙuda, ko likitan da aka kira, ko wanda ba Musulmi ba da zai auna addinin da abin da ya gani a ƙofarsa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Anas cewa a wani yaƙi mutane sun cunkushe masauki sun tare hanya, sai Annabi (S.A.W.) ya aiki mai shela ya sanar cewa wanda ya ƙuntata masauki ko ya tare hanya ba shi da ladan jihadi. Waɗannan kuwa mutane ne da suka fito da rayukansu a hannu. Ina roƙon limamanmu su riƙa ware minti biyu a huɗuba saboda wannan, kwamitocin masallatai kuma su sa 'yan agaji a ƙofofin maƙwabta tun kafin a yi kiran salla na farko.