Gawayin Tace Ruwa: Abin da Kifi ke Bukata da Abin da Iyali ke Bukata

Mu Hausawan Hartum da Umdurman mun taso muna shan Nilu. Idan damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, Shuɗin Nilu yakan gangaro daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka, ya zo ya haɗu da Farin Nilu a Mugran, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa. Iyayenmu mata sukan kwantar da shi da alif ko 'ya'yan zogale, su zuba a randa ya huce. A zamaninmu kuma sai ga wani baƙo ya shigo gidaje: gawayin tace ruwa, wanda masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi suka fi kowa saninsa.

Wannan ba gawayin murhu ba ne. Bayan an ƙona shi, sai a busa masa tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, har cikinsa ya cika da ƙananan ramuka. Giram 1 na mai kyau yakan kai faɗin murabba'in mita 1,000 idan aka shimfiɗa ramukan. A nan datti ke maƙalewa.

Iri uku aka fi samu. Na ɓawon kwakwa yana da tauri, ƙurarsa kaɗan, ramukansa tsukakku, ya fi dacewa da ɗauke wari da ɗanɗanon magani. Na kwal ramukansa sun haɗa ƙanana da matsakaita, don haka masu kifi suke ƙaunarsa wajen janye rawayar da kashin kifi da ragowar abinci ke bari. Na itace ramukansa manya ne, yana kama launi da sauri, amma yana saurin marmashewa. Wanda aka sarrafa da asid kuwa yakan saki sinadarin fosfet, gansakuka ta mamaye gilashin. Kowanne ana wanke shi kafin a sa, a sauya bayan mako 3 ko 4, a kuma cire shi idan ana yi wa kifi magani, domin zai shanye maganin.

To, 'yan uwa, ga inda gizo ke saƙa. Dukkansu suna kashe ƙarfin kilorin, sinadarin da tashoshin ruwa ke zubawa don hallaka ƙwayoyin cuta. Ga kifi wannan rahama ce, domin kilorin na ƙona masa gaɓoɓin numfashi. Ga iyali kuwa, kilorin ne mai gadin randa. Wanda ya tace ruwan famfo da gawayi ya adana shi kwana biyu, yara na tsoma moɗa, ya sallami mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Gawayi ba ya kashe ƙwayar kwalara, ba ya cire gishiri, idan ya tsufa ma shi kansa yakan zama maƙwancin ƙwayoyin cuta.

A makarantar allo an koya mana duba ruwan tsarki ta launi da ɗanɗano da wari. Waɗannan ukun su ne gawayi ke gyarawa. Amma hukuncin alwala daban, lafiyar ciki daban, kuma ƙwayar kwalara ba ta canza ko ɗaya daga cikinsu. A watan Mayu na 2025, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata wuta da tashoshin ruwa, jama'a suka koma ɗiba daga kogi da rijiyoyi, amai da gudawa ya yi ɓarna a Umdurman da Hartum.

Saboda haka tsarin da muka riƙe shi ne: a kwantar da laka, a tace, daga ƙarshe a tafasa ko a sa kilorin a jira minti 30, a rufe randa, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu. Mai son gawayi ya kawar masa da wari, ya tace abin da zai sha nan take kawai. Kifi a ba shi nasa, yara a ba su nasu. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya zaunar da Sudan lafiya.