Kasalin Gidanmu

A Burkusuma ba a zaɓar gola, tura shi ake yi. Idan yara suka raba ƙungiya a kan yashi bayan la'asar, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ko wanda ya zo a makare, ko wanda ƙafarsa ba ta jin magana, shi ake ce wa ya je ya tsaya tsakanin takalma biyu. In an ci shi a zage shi. In ya tare, a ce mai bugun ne ya ɓarar. Da zarar an samu wani da ya fi shi rauni, sai ya sulale ya koma gaba. Duk garin ban san yaro ɗaya da ya taɓa buɗe baki ya ce gola yake son zama ba sai ƙanena, wanda na girma da shekara 11, kuma dalilinsa wani mutumin Dosso ne da bai taɓa gani ido da ido ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin abin da ya haɗa yaron Jihar Sakkwato da golan Nijar. Ai Maraɗi ta fi mana Sakkwato kusa. Gobirawan Tsibiri danginmu ne, muna cin kasuwanninsu suna cin namu, rediyonsu kuma yakan fi namu fitowa tangaran. Ga shi ranar 8 ga Oktoba, 2011, Najeriya ta yi 2-2 da Gini a Abuja, ta rasa gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012, a daidai ranar da Mena ta Nijar ta samu nata gurbin, karo na farko a tarihinta. Da babu gara ba daɗi, in ji masu magana, amma mu da daɗinmu muka koma bayan maƙwabta.

Yadda Nijar ta samu gurbin nan har yau yana ba ni dariya. A ranar ƙarshe Masar ta lallasa ta 3-0 a Alƙahira. Can kuma Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo, kocinsu Pitso Mosimane ya lissafa cewa canjaras ya ishe su, tunda sun fi kowa rarar ƙwallaye. Suka yi ta jan lokaci, aka tashi babu ci, 'yan wasa suka zagaye fili suna rawa. Sai daga baya aka nuna musu abin da dokar gasar ta ce: in ƙasashe suka yi daidai a maki, sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. Ƙasashe uku ke da maki 9, kuma a tsakanin ukun Nijar ce ke da 6. Lokacin ina jami'a a Sakkwato ina karatun kimiyyar kwamfuta, kuma har yau in na ga sabon ma'aikaci ya zauna zai rubuta manhaja bai karanta takardar ƙa'idojin aikin ba, rawar nan nake tunawa.

Maki 9 ɗin nan duka a Yamai aka same su, a filin Seyni Kountché. Mafi tsada a cikinsu shi ne na Oktoban 2010, ranar da Nijar ta ci Masar 1-0, Masar ɗin da ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Moussa Maâzou ne ya ci ƙwallon, sunansa kuma aka yi ta kira a rediyo. Wanda ya tsaya a raga aka tashi Masarawa ba su ci ba shi ne Kassaly Daouda.

An haife shi a 1983. Ya yi Sahel SC ta Yamai, daga nan ya tafi Coton Sport ta Garwa a arewacin Kamaru, inda ya yi suna. A 2008 shi ne a ragarsu lokacin da suka kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, suka haɗu da Al Ahly, aka ci su 2-0 a Alƙahira, aka yi 2-2 a Garwa. A 2009 ya je aro Rapid Bucharest ta Romaniya, bai daɗe ba ya dawo. Turai ke nan a rayuwarsa ta ƙwallo. Gasar 2013 kuwa yana Chippa United ta Afirka ta Kudu ya buga ta.

Wannan gasa ta 2013 ita ce ta shiga kan ƙanena. Na zo hutu gida, muka je gidan kallo, janareta na ta ƙara, shi yana zaune a ƙasa gaban benci tare da sauran yara. Ranar 20 ga Janairu Nijar ta riƙe Mali har minti na 84. Sai aka ɗago wata ƙwallo daga gefe, Kassaly ya fito ya kai mata hannu, ta kuɓuce masa, Seydou Keita ya tura ta raga. Abin da na ji an faɗa wa bawan Allahn nan a ɗakin ba zai rubutu ba. Mutanen da ba su taɓa tare ko lemun tsami ba suka yi ta bayanin yadda ake kama ƙwallo. Bayan kwana huɗu Nijar ta haɗu da Kwango ta Kinshasa, Dieumerci Mbokani ya yi ta samun dama, mutumin nan da aka gama zagi ya yi ta hana shi, aka tashi 0-0. Wannan shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a gasar, kuma har yau shi kaɗai ne, domin Ghana ta ci su 3-0 a wasa na uku, ba su kuma sake zuwa ba. Mako biyu bayan haka Najeriya ta ɗaga kofin da Vincent Enyeama a raga, gari ya ɗauki murna, amma ƙanena ya riga ya zaɓi nasa. Da hanyarmu ta komawa gida a daren wasan Kwango ya ce min, "Yaya, shi bai ji tsoro ba?" Na ce tsoron me? Ya ce, "Ya sake fitowa ya kama."

Washegari ya tsaya tsakanin takalma biyu ba tare da an tura shi ba. Kafin damina yara sun daina kiran sunansa na yanka, sai Kasali. Inna ma, da ta yi ta faɗa a kan guiwar wando da ke yagewa, ta gaji ta bi sahu.

Yashin rani makaranta ce mai kyau ga gola, domin yaro zai yi tsalle ya faɗi sau ɗari bai ji ciwo ba, tsoron ƙasa ya fita daga jikinsa tun da wuri. Abin da yashi ba ya koyarwa shi ne girman raga. Ragar gaske faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, kuma yaron da ya saba da takalma biyu bai san akwai sama ba. Ba ya kuma koyar da wasa da ƙafa, alhali tun 1992 da aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa, golan da bai iya ba da ƙwallo ba rabin gola ne. Waɗannan duka sai da ya kai shekara 18 ya fara koyonsu, kuma ba don mun shirya ba.

Abin da ya faru da ƙasarmu kowa ya ji. Tun kafin 2020 filin la'asar ya fara raguwa, domin babu uwar da za ta bar ɗanta a bayan gari rana na faɗuwa. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Ina Abuja ina aikin da duk rayuwarsa intanet ce, amma kafin in ji muryar Baba sai wani ya nemi tudu inda layin Nijar ke kamawa. Wasu danginmu suka tsallaka ƙasar Maraɗi, namu gidan ya nufi Sakkwato. A can, cikin ɗakunan haya biyu, ba gona ba dabba sai 'yan tumakin Inna, Kasali ya fara ganin raga mai ƙarfe da koci mai usur. Ban san yadda zan kira wannan ba. Ba zan ce alheri ba, domin na san abin da aka baro.

Yanzu yana da shekara 22, yana tsaron raga a wata ƙaramar ƙungiya da ba ta biyan albashi sai kuɗin sabulu in an ci wasa. Da safe atisaye, da rana yana taya wani gyaran waya a kasuwa. Bara wani mutum mai yawan hotuna da 'yan wasa a wayarsa ya ce zai kai shi gwaji a kudu, a kawo kuɗin mota da na rajista. Inna ta sayar da tunkiya biyu ba ta gaya wa kowa ba. Yaro ya kwana uku a tasha, lambar mutumin a kashe.

Bayan wannan ne Baba ya kira ni. Bai saba doguwar magana a waya ba. Ya ce, "Kai ad da boko. Ka hwaɗa min gaskiya, wagga sana'a tashi ana cin abinci da ita?"

Lissafi aikina ne, kuma lissafin gola ba shi da daɗin ji. Babbar gasar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne. Ɗan wasan gaba yana da gurbi biyu ko uku a kowace ƙungiya, in bai fara ba ana iya sako shi saura minti 20 ya ci ƙwallo ɗaya a san da shi. Gola gurbinsa ɗaya ne, ba a kuma canza shi sai in ya ji rauni ko an kore shi. Ke nan a duk ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200, mutum 20 ne ke tsayawa a raga a ƙarshen mako, sauran suna benci suna jiran abin da ba ya da kyau a yi fatansa. Wanda ya samu shiga kuma, ga jinkirin albashi da 'yan wasan gida suka daɗe suna kuka da shi, ga hanya. A Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, kuma Pillars ce ke riƙe da kofi a lokacin. Mutumin da ya gudo daga Burkusuma ba sai an yi masa bayanin hanya ba.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa, wanda ni na fi kowa ganewa a gidanmu. A kamfanin da nake aiki muna karɓa-karɓar kwana da waya a kusa da kunne, saboda in manhajar tura kuɗi ta tsaya cikin dare a samu mai tashi. Za ta yi wata shida tana aiki lafiya, ba wanda zai san sunanka. Ta tsaya minti biyar, har shugaban kamfani ya san unguwarku. Duk wanda aikinsa shi ne hana abu faruwa, ranar da ya yi nasara babu abin nunawa. Shekara nawa ana ba da kyautar Ballon d'Or, gola ɗaya tak ya taɓa samu, Lev Yashin a 1963. Sai dai kada in cika baki da kamanceceniya. Mu in abu ya lalace muna iya komawa kan tsohuwar manhaja mu gyara kafin gari ya waye, kuma albashina ba ya jiran sakamakon ranar Lahadi. Ƙwallon da ta tsallake layi ba ta dawowa.

Da a nan lissafin ya tsaya, da amsar Baba ta yi sauƙi. Amma gola kamar giginya yake, ba ya saurin 'ya'ya. Ɗan gaban da ya kai 22 ba a san shi ba, yawanci zance ya ƙare, shi kuwa gola a wannan shekarun yaro ne. Stanley Nwabali yana Katsina United a 2022, shekarar da ƙungiyar ta faɗa ƙaramar gasa, daga nan ya tafi Chippa United, inda Kassaly ya taɓa tsayawa. 'Yan Najeriya nawa suka san sunansa kafin Janairun 2024? Ranar 7 ga Fabrairu, yana da shekara 27, ya tare fenareti biyu na Afirka ta Kudu a Bouaké ya kai Najeriya wasan ƙarshe. Essam El-Hadary na Masar yana da 45 ya tare fenareti a gasar kofin duniya ta 2018. Na sani, a bayan kowane Nwabali akwai ɗaruruwan da suka tsufa a benci. Na kuma san cewa da gonarmu na nomuwa, da wannan magana ba ta kai haka zafi ba, domin yaro zai yi ƙwallonsa da rani ya koma gona da damina, kamar yadda aka saba. Yanzu in na ce ya bari, me zan ce ya kama?

Na je na kalle shi da idona kafin in ba Baba amsa. An ci shi ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, daga bugun kwana, kuma laifinsa ne, ya fito bai isa ga ƙwallon ba. 'Yan kallo suka yi masa irin abin da aka yi wa mai sunansa. Da aka dawo aka sake samun kwana a gefe guda, na ji cikina ya ɗuri ruwa. Ya daka tsawar da na ji daga inda nake zaune, ya ratsa tsakanin mutum huɗu ya cafke ta a sama.

Na ce wa Baba a ba shi shekara uku. Gyaran waya ba zai bari ba, kuma duk mai cewa a kawo kuɗin gwaji a haɗa shi da ni. Safar hannu da takalmi da kuɗin mota suna wuyana. Baba ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "To, Allah shi yi albarka. Amma ka hwaɗa mai shi bar tahiyar dare."

Shekara ɗaya ta tafi daga cikin ukun. A watan jiya wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta kira shi gwaji, ba ta nemi ko sisi ba. Gololi bakwai suka je, za a ɗauki biyu, an ce su koma gida za a kira. Safar da na aika masa da azumi har ta huje a tafin dama, ya turo min hotonta, ya ce in zan sayi wata in duba lamba 10, tara ta yi masa kaɗan.