Dam Ma Yana Tsufa

Akwai wani dattijo a Bacirawa wanda, da zarar ya killace gero da dawarsa, sai ya nufi bakin dam ɗin Tomas da ke yankin Ɗambatta don noman rani. Da kuɗin tumatir da albasar can ya aurar da 'ya'yansa uku. Amma idan ya hau bangon dam ɗin, bayansa yake fara dubawa, ko zai ga danshi inda bai kamata ba. Yana matashi a watan Agustan 1988 lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle ya share gidaje da gonaki, kuma bai manta ba.

Galibin madatsun ruwan Kano, irin su Bagauda, Tiga da Tomas, gadon tsarin Gwamna Audu Baƙo ne, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Da ƙasa aka gina su, kuma bangon ƙasa a ɓoye yake lalacewa. Ruwa kan tsattsafo ta cikinsa yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan har ya yi rami. Gara da saiwar bishiya kan buɗe masa hanya. Yashin da damina ke jibgewa yana cinye mazaunin ruwa, ƙofofi kuma su yi tsatsa. Idan aka yi mamakon ruwa mafitar rara ta kasa ɗauka, sai ya haura bango ya cinye shi.

Gyaran kuwa sananne ne: yashe dam, cire bishiyoyi daga bango, toshe tsattsafi, faɗaɗa mafita, da sanya ma'aikacin da zai riƙa aunawa yana rubutawa. Wani lokaci sai an haƙura da wani abu: bayan Bagauda, an rage tsawon mafitar Tiga a 1992, ruwan da yake riƙewa ya ragu, amma bangon ya samu sauƙi.

Matsalar ita ce gyara ba ya tara jama'a kamar bikin buɗe sabon aiki. Mutanen Maiduguri sun ga sakamakon haka a Satumbar 2024, da dam ɗin Alau ya fashe, shekara 30 bayan ambaliyar 1994.

Dattijon bai karanci injiniyanci ba. Abin da ya sani shi ne, duk shekara yana yaɓe katangar gidansa kafin damina ta faɗi, kuma bangon da ke riƙe da abincin dubban gidaje bai kamata ya samu ƙasa da haka ba.