Abin da Hannu Ya Saba Riƙewa

Kai ne kuwa siririn yaron nan mai fensir a bayan kunne? Nakan tambayi kaina haka. Yana biye da maigida a bayan ganuwa wajen Ƙofar Ƙaura, gafaka a rataye, cikinta littafin awo mai taurin bango da reza ta fiƙe fensir da ɓarin daushe na maigida, rigarsa duk warin man da ake goge tef ɗin ƙarfe da shi don kada ya yi tsatsa. Aikinka rubutu ne. Shi ke nan.

Maigida zai kafa na'urar awo Wild T2 a kan ƙafafunta uku, wani ya riƙe mata laima, don rana ba ta dami kowa ba sai ita, ya ƙanƙance ido ɗaya ya leƙa, sannan ya kira digiri da minti da sakan da irin muryar mai raba gado. "Maimaita, ɗan nan." Ka maimaita da ƙarfi, ya ce madalla, ka rubuta. Ba a gogewa a littafin awo; layi ɗaya ake ja wa lamba, a rubuta wata a samanta, kowa ya ga duka biyun. Masu gona suna tsaye a gefe da kalme a kafaɗa, su da suka san iyakarsu da taki da gaba da jerin gamba, suna kallon sarƙa mai ƙafa 100 tana ƙarar ja a cikin rairayi. Da dare kuma ga fitilar ƙwai da warin kananzir da littafin logaridam, ana ta lissafi har awo ya rufe, kowace lamba a ɗaure da turken nan na Minna da ba ka taɓa gani ba.

Bayan 1987 gari ya buɗe. Hanyar Dutsin-ma, hanyar Jibiya, hanyar Daura, ko'ina fuloti hamsin-da-ɗari ake nema, masu awon igiya suna gaba muna baya. Ana cikin haka, ka soma furfura a gemu, sai ga total siteshan, mai harba haske zuwa madubin da ke kan sanda ta faɗi nisa da kusurwa kafin ka haɗiye yawu. Ita ta kawo gardamar da muka daɗe muna yi a gindin bedi, ana jiran fura: a bar ta ta adana lambobin a cikinta, ko a sayo mata 'yar na'urar hannu a jona da waya?

Samari suka ce cikinta ya isa. Batir ɗaya za ka yi wa caji in an kawo wuta, babu wayar da ƙurar hunturu za ta toshe wa baki, babu wadda za a yi tuntuɓe da ita a tuge ƙafar na'ura, kuɗin kuma a sayi madubi na biyu. Gaskiyarsu ce, ka sani. Amma ka kafe. Ka ce duk maɓallin da aka danna a jikinta taɓa na'urar da aka sha wahalar daidaitawa ne, ƙasar Katsina kuwa jigawa ce, kafin azahar kumfar da ake daidaita na'urar da ita ta gusa. Ka ce allonta bai fi akwatin ashana ba, a rana tsaka sai ka yi masa inuwa da hula, ga rubuta sunan kowane wuri, kusurwar katanga, bakin rijiya, gindin kuka, da maɓallai 'yan kaɗan. Ta hannu kuwa aljihu take kwana, a juye aikin a kwamfuta da dare, ita babbar a ba wa wasu su fita da ita da asuba. Da GPS ya zo, ta hannun ce ta bi mu, ta zama dole ma.

Hujjoji ne masu kyau, har yau ina tsaye a kansu. Sai dai ina yi maka dariya, domin na san hannunka na hagu ne kawai ba ya son zama wofi. Ka ɗinka wa ta hannun jakar fata wurin dukawa, mai maɗauri irin na laya. Ka riƙa leƙa allonta kana motsa baki, kana maimaita lambar da ba wanda ya kira, har yaran suka riƙa ƙyaftawa juna ido suna cewa Baba ya fara wuridi.

Yanzu wayar ma babu, ta iska suke magana, kuma yaron da a da shi ne mai rubutu shi ke can nesa riƙe da sanda. In fuloti ɗaya ne za a kafa wa duwatsu huɗu, nakan bar su su danna a jikinta mu tashi. In unguwa guda za a yanka, a miƙo mini ta hannu. Da tabarau.