Daren Da Kifina Ta Haihu

Da a ce wani ya taɓa ce mini wata rana zan raba dare ina gadin kifin da bai kai ɗan yatsana ba, da na ce a je a duba lafiyarsa. To ga shi an yi.

'Yata ta fari ce ta nace sai an saya mata kifin ado, na sayo akwatin gilashi mai cin lita 40 da kifi shida irin wanda ake kira gofi, wutsiyar mazansu kamar atamfa. Kwana biyu duk suka mutu, domin ruwan famfo na zuba musu kai tsaye, ban san kulorin da ake sa wa ruwan sha guba ne gare su ba. Sai da mai sayarwar ya ce in riƙa barin ruwan ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, sannan na biyun suka zauna.

Ita gofi ba ƙwai take yi kamar tarwaɗa ba, haihuwa take yi bayan kamar mako huɗu, 'ya'yan su fito suna iyo. Tamu ta tashi haihuwa ne a wani daren hunturu, an ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, ruwan ya yi sanyi ƙarara, alhali su sun fi son ɗumin digiri 24 zuwa 28. Na haska tocila, yarinyar tana gefena, sai muka ga uwar ta juyo ta haɗiye ɗan da ta sauke yanzu-yanzu.

"Baba, uwa tana cin ɗanta?"

Wallahi na rasa amsa. Na ruga kicin na ɗauko rariyar shayin maman yara, wadda har yau ba ta yafe mini ba, na dinga kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa kwanon sha, na jingina kwalbar ruwan ɗumi a jikin kwanon. Muna nan har aka kira assalatu.

Goma sha tara muka tsamo. Na riƙa murje musu gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan, ranar da na cika hannu ruwan ya ɓaci, takwas suka tafi. Sha ɗaya suka girma, kuma ita yarinyar har yanzu ba ta ba uwar abinci, sai dai ni in ba ta.