Sojan tagulla da ɗan dakon sa

Mai karatu, a wannan watan ka ɗan yi mani uzuri, zan ajiye sharhin fim in ba ka labarin wani Bature, wanda hannun sa ya ƙera Bahaushen da ya fi kowane Bahaushe daɗewa a tsaye. Sunan sa James Alexander Stevenson. An haife shi a garin Chester na Ingila a 1881, ya rasu a 1937, kuma sana'ar sa ƙera mutum-mutumi. A jikin aikin sa ya kan sa hannu da laƙabin Myrander, wato haɗin sunan matar sa Myra da wutsiyar nasa, Alexander. Ka ga ashe ba 'yan fim ɗin mu su ka fara raɗa wa kan su suna ba.

Ga yadda aikin ya same shi. Ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, a 1917, Turawan Ingila su ka kafa hukumar kula da kaburburan sojojin daular su. Ƙa'idar ta mai kyau ce a takarda: duk wanda ya mutu a yaƙin za a rubuta sunan sa a dutse, janar da kurtu ba bambanci. Amma da aka zo kan baƙar fata sai zance ya sauya. Aka ce yawancin su ba a san inda aka binne su ba, kuma wai mutanen mu ba su san darajar dutsen kabari ba. Saboda haka a kafa mutum-mutumi a manyan birane, ya tsaya a madadin kowa.

Stevenson aka ba kwangilar. Ya yi na Darussalam a 1927, soja ɗaya riƙe da bindiga ya na fuskantar tashar jiragen ruwa. Ya yi na Mombasa da na Nairobi. Sannan ya yi namu, wanda aka kafa a Idumota cikin Legas, har Yarbawa su ka riƙa ce masa Soja Idumota. Mutum biyu ne: sojan Bahaushe da ɗan dako Ibo. Daga baya an ɗauke su daga can, yanzu su na maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja.

A gaskiya mutumin ya iya aikin sa. Sai ya fara gina siffar da yumɓu a kan ƙarafa, a ɗauki zubin ta, a narka tagulla a kwarara, kusan irin dabarar maƙeran mu na farfaru, sai dai wannan girman sa ya kai mutum. A idon mai sharhin fim, Stevenson darakta ne da aka ba damar ɗaukar hoto ɗaya tak, babu magana, babu kiɗa, kuma a ce hoton nan ya yi shekara ɗari ana kallo. Ga su a kan dandamali, dole ka ɗaga kai kafin ka haɗa ido da su, irin yadda ake kwantar da kyamara ƙasa idan ana so jarumi ya cika fuska. A zamanin da ake kiran baƙin mutum yaro ko da ya yi furfura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ɗan dakon ma an ba shi gurbi.

To su wane ne waɗannan mutane? Su ne su ka yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, su ka gwabza da Jamus a Garwa da dutsen Mora. Su ne aka loda a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda aka yi masu mummunar ɓarna a Mahiwa cikin Oktoba 1917. 'Yan dako kuwa yunwa da atuni da zazzaɓi sun fi harsashi cin su, kuma da yawa ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su, ba da son ran su ba.

Nan fa gizo ke saƙar. A Afrilu 2021 hukumar nan da kan ta ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawan su 'yan Afirka, ba a rubuta sunayen su ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. Ka ga kenan kyan aikin Stevenson ya zama mayafi. An yi mana jarumi ɗaya mai kwarjini, aka yanke jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim.

Abin da ya sa zancen nan ke sosa ni, kakata ce. A wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi ta tashi. Ta sha ba mu labarin ƙanen mahaifin ta da aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, ana tsakiyar tsinkar auduga. An ce an gan shi a Zariya, daga nan sai aka ji sun tafi Bama. Abokan tafiyar sa sun dawo da lambobi da baƙon Turanci, shi shiru. Ba takarda, ba gawa, ba zaman makoki. Mahaifiyar sa, in ji kakata, duk kaka sai ta sa a ware masa damin dawa ɗaya a rumbu, ko zai dawo da yunwa. Haka ta yi har ta koma ga Mahaliccin ta. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai sunayen mutum kusan 27,000 da ba a ga gawar su ba, cikin su har da 'yan Afirka ta Yamma. Ko da nasa ya na can, wa ya taɓa zuwa ya faɗa wa tsohuwar nan?

Kada ka ɗauka ina kira ne a kafa mutum-mutumi a shataletalen Funtuwa. Na san hukuncin malaman mu a kan sura, na kuma san kabarin Bahaushe ɗan icce ko tsingaro ya ishe shi alama. Mu na da namu hanyoyin: addu'a, yi wa mamaci takwara, da waƙa. Malam Sa'adu Zungur ya yi Maraba da Soja don waɗanda su ka dawo. Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen yaƙin Bama ne. Mun riƙe sunan rundunoni da dazuzzukan da su ka faɗi, mun saki sunan su.

Su kuwa 'yan industiri fa? Usman Sembene na Sanigal ya yi Camp de Thiaroye a 1988, a kan sojojin da Faransa ta bindige don sun nemi haƙƙin su. Marigayi Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, ya rubuta Burma Boy a 2007, jarumin sa wani yaro Ali Banana mai jin Hausa. Mu da abin ya faru a zaurukan mu, a duk finafinan da su ka ratsa ta hannu na ban ga wanda ya ɗauki labarin uwa mai ware dami ba. Ba ya buƙatar tankar yaƙi. Rumbu, tsohuwa da hanyar shigowa gari sun isa.

Kuma ba tarihi kaɗai ba ne. A 'yan shekarun nan sojoji da 'yan sa-kai da manoma nawa aka rasa a dazuzzukan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara? Rediyo ta ce "mutum goma sha biyu", shi kenan. Ran 15 ga Janairu manya su ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse.

Don haka, mai karatu, ga roƙo na. In akwai tsoho a gidan ku da ya san wanda ya tafi bai dawo ba, jiya ko shekara tamanin da su ka wuce, ka zauna da shi tun da sauran dama. Ka kunna wayar ka, ka tambayi cikakken suna, da sunan uba, da unguwa, ka rubuta ka adana. Allah ya jiƙan su, ya kyautata namu zuwan.